Bazarar da Muka Tatsi Tunkiya

Bazarar bana ta yi tsanani a Kankara. Tun hantsi ƙasa ke ɗaukar zafi, kafin azahar kaji sun shige ƙarƙashin rumfa sun wangale baki. Ina zaune a tsakar gidan ɗana, inda na dawo da zama tun da ƙauye ya gagare mu, sai na ga tunkiyarsu tana ture ɗanta da ƙafa. Da ya kama nono sai ta janye. Na ce wa matar gidan ta ƙara mata dusa, hantsarta ta motse. Ta ce, "Hajiya, ke har hantsar tunkiya kike dubawa?" Murmushi kawai na yi. Akwai shekarar da in na sallame sallar asuba, ba abin da nake fara dubawa sai ita.

A Tafoki ne, zamanin da aka ce kuɗin mai sun shigo ƙasa. Mu dai labarinsu muke ji. Wanda ya je Sheme zai dawo yana ba da labarin sababbin motoci suna wucewa Funtuwa, samari kuma suna ta jingine fartanya suna tafiya Kaduna da Ikko aikin gini. A gona kuwa daminar da ta wuce ta yaudare mu. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta bushe a tsaye ba ta yi ido ba, geron da aka samu bai kai rabin rumbu ba. Da kaka ta wuce maigidana ya bi 'yan uwansa Kaduna, ya bar ni da tsohon ciki wajen iyayensa, Baba da Inna.

A al'ada gidanmu ya kamata in tafi haihuwar fari. To mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, kuma yunwar da ke wajenmu ta fi ta Tafoki, sai Inna ta ce in zauna, ita za ta yi mani wanka. Mace ce mai faɗa da tausayi a lokaci guda. Baba kuwa dogo ne marar yawan magana, tsakanina da shi gaisuwa ce a durƙushe, kaina a ƙasa. Duk abin da nake so a gaya mashi, ta bakin Inna yake bi.

Na haihu da sanyi, ranar Alhamis, muke ce wa yarinyar Lami. Na gama wanka lafiya, tana shan nono tana ƙiba. Zafi na fara shigowa zazzaɓi ya kwantar da ni, nono ɗaya ya kumbura ya yi ƙurji. Da na tashi daga ciwon sai na tarar ruwan ya janye. Inna ta dama kunun kanwa, ta jiƙa saiwoyi, ta karɓo rubutu, ba wanda ya dawo da shi. Lami ta kama ta ja ta ja, ta saki ta tsala kuka. Wata maƙwabciyarmu mai goyo ta taimaka mana 'yan kwanaki, ita ma nata bai ishi ɗanta ba, daga baya mijinta ya kwashe su suka koma Funtuwa. Shanun Baba guda biyu suna hannun Fulani, su kuma tun kaka suka gangara dajin Sabuwa neman ciyawa. Ko ɗigon nonon saniya babu a garin. Muka koma ba yarinyar ruwan koko da cokali. Tana sha tana amayarwa, maɗigarta ta fara faɗawa.

Tumakin gidan an yi ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya ana awo. Saura guda, wata uda mai jan gaba da farin baya, wadda ta haifi ɗan rago ba da jimawa ba. Ita ma Baba ya ce ɗan ya ɗan yi ƙwari ne ya kai su kasuwa tare.

A shekarar Buzaye sun gangaro daga arewa da yawa, fari ya cinye masu dabbobi. Wasu sun kafa 'yan bukkoki a bayan gari ƙarƙashin tsamiya. Wata daga cikinsu, tsohuwa siririya, takan shigo gida-gida tana yin surfe a ba ta dusa da ɗan tsaki. Ranar da ta shigo gidanmu Lami na ta kuka, kukan ma ba ƙarfi. Ta dube ta, ta dube ni, sannan ta juya ta dubi turke. Hausarta ba ta nuna ba, amma mun gane.

"Ga nono can," in ji ta.

Inna ta ce, "Tunkiya? Wa ya taɓa tatsar tunkiya?"

"Mu. 'Ya'yanmu da shi suke tashi."

Ta sa na riƙe kan tunkiyar, ta saki ɗan ya fara tsotsa, da nonon ya sauko ta janye shi ta sa 'yar ƙwarya. Da yatsu biyu take ja, ba da hannu duka ba kamar saniya. Abin da ya taru bai cika ludayi ba. Na leƙa, na ga fari ne tas, da kauri, yana manne wa gefen ƙwaryar. Ta ce kada mu ba yarinya haka, ya fi ƙarfin cikinta, maiƙonsa ya fi na saniya nesa. Mu tafasa ruwa mu sirka, mu tafasa shi kansa. Ta ce kuma kada mu kuskura mu tatse duka. In ɗan ya mutu uwar za ta kafe.

Lami ta sha, ba ta amayar ba. Ta yi barci har la'asar, ni kuma na zauna ina kallon cikinta yana ɗagawa yana sauka, na kasa tashi.

Daga ranar gidanmu ya koma bauta wa tunkiya. Da yamma mu kifa wa ɗan ragon babban kwando mu ɗora dutse, don kada ya shanye kafin safe. Da asuba in yi tatsa, in bar mashi nono guda. Na safe ya fi yawa, na yamma ya fi kauri. In na ajiye shi ya huce, maiƙo ya taru a sama kamar an shafa man shanu. Har na iya gane abin da ta ci jiya daga abin da na gani a ƙwarya. Ran da ta samu harawa ko 'ya'yan gawo, nonon ya zo da nauyi, ludayi guda in sirka ya kai mu azahar. Ran da ta yini tana tsintar busasshen kara da tattakar ciyawa, sai ya ragu, ya yi ɗan gishiri-gishiri a harshe, Lami ta sha tana ɓata fuska.

Harawar Baba ta ƙare tun zafi bai kai tsakiya ba. Sai gawo. Itacen nan shi kaɗai ke da ganye a bazara, 'ya'yansa kuma suna zubowa jajaye a murɗe. Amma ba mu kaɗai muka san da shi ba. Kowa mai akuya a garin can yake sammako. Inna ta goya Lami, ni in ɗauki kwando da gora mai ƙugiya, in ja tunkiyar da igiya, ɗan na biye. Gawon kusa da gari aka fara ƙarewa, muka koma na nesa. Rana ta buɗe tun muna hanya, yashi ya ƙona ƙafa ta cikin takalmi, iska in ta taso kamar daga bakin murhu. Tunkiyar ta tsaya tana haki, cikinta na bugawa, in tsaya da ita a inuwa, don na lura duk ranar da ta sha rana sosai, washegari ƙwarya ba ta samun komai. Rijiyar gari ta ja baya, sai an jira ruwa ya taru, ja kamar kunun kanwa. In na samu tulu guda, ita ke fara sha kafin mu.

Mu kanmu sau ɗaya muke ɗora tukunya. Tuwon dawa da miyar busasshiyar tafasa, wata rana garin ɗorawa a dama da ruwa, wata rana garin rogon da ake kawowa daga kudu, wanda da can ko kallonsa ba mu yi. Dusar da ke fita in an yi surfe a da tamu ce, a zuba a kunu ya yi auki. Inna ta ce a bar wa tunkiya. Da rana in na miƙe tsaye sai in ga duhu-duhu, in dafa bango har ya wuce. Yanzu jikokina in an ba su shayi ba madara sai su ture kofin. Ba na ce masu komai, ba su san wancan ba.

Maigidana ya aiko sau ɗaya, ta hannun wani ɗan garinmu, da ɗan abin da aka yi awo da shi da saƙon cewa aikin ya tsaya ana jiran siminti. Bai san abin da ake ciki ba. Ba wanda ya aika mashi, Baba ya ce ba amfanin tayar wa mutum hankali a nesa.

Abu biyu ke hana ni sukuni. Na farko, tunkiya ba ta daɗewa tana ba da nono. Ɗan na girma, yana fara tsintar ciyawa, ita kuma tana rage wa. Ludayin da ke cika da safe ya koma bai cika ba. Kullum sai in duba Lami in duba ɗan ragon, in ga wa zai riga wani girma. Ita ko zama ba ta fara ba. Na biyu, iri. Yunwa ta sa mun taɓa dawar da aka ware ta shuka. Wata rana da hantsi ina cikin ɗaki na ji Baba yana magana da Inna a bakin rumbu.

"Gabas ta fara haɗa gajimare," ya ce. "In ruwa ya sauka me zan sa a ƙasa? Ranar kasuwar Sheme zan kai tunkiyar da ɗanta."

"Ka kai su, yarinyar ta sha me?"

"In ban shuka ba, baɗi dukanmu mu ci me? Ke ma kin sani."

Ni ma da ke ɗaki na san gaskiya ya faɗa. Na rungume Lami. Ranar kasuwa ta zo, tun da sassafe na ji motsi, na leƙo ina tsammanin zan ga turke wayam. Sai na ga Inna ce ta ɗaure tasoshinta na jan ƙarfe a tsumma, waɗanda ta zo da su gidan tun tana amarya. Da ƙafa ta je Sheme. Ta dawo bayan la'asar, leɓɓanta sun tsage, da ƙullin iri a ka. Ta sauke gaban Baba ta ce, "Ga shi. Ba zai cika gonar ba, amma ka bar mani tunkiyar." Baba ya buɗe ƙullin ya damƙi dawar ya duba, ya ɗaure.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ya kwashe mana jinkar ɗakin girki. Ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara suna ta gudu a cikinsa tsirara. Washegari kowa ya fita shuka. 'Yan kwanaki kaɗan ƙasa ta yi kore-kore, tunkiyar ta samu ɗanyar ciyawa, nono ya ƙaru har na yi murna. Sai dai ya tsinke, ba kauri, na rage ruwan da nake sirkawa. Daga nan sama ta washe. Rana ta dawo kamar ba a taɓa ruwa ba. Shuka ta fito ta tsaya, ganyenta ya naɗe. Baba ya fita gona da safe ya dawo, ya zauna a zaure yana kallon gabas.

A irin wannan lokacin ne gyauro ke kisa, wato dawar da ta zube bara ta tsiro da kanta. In ta fito ƙarama rana ta dake ta ta yi yaushi, dafi ce ga dabba. Kowa ya sani, shi ya sa nake ɗaure tunkiyar a bakin fadama inda ba gona. Ranar na ɗaure ta a gindin wata sabara na je jiran ruwa a rijiya. Ashe turken bai kama ba, ƙasar ta bushe daga sama ne kawai. Da na dawo na hango ta can cikin wata tsohuwar gona da ba a shuka ba, tana jan igiya, kanta a ƙasa.

Na yar da tulun. Kafin in jawo ta gida ta fara tangaɗi, a ƙofar gida ta durƙushe. Cikinta ta hagu ya tashi kamar ganga, tana numfashi da baki, yawu na dalala. Ɗan yana zagaya ta yana kuka. Inna ta fito da Lami a baya, ta duba sau ɗaya ta ce, "Gyauro ta ci." Ta koma da sauri ta ɗauko kwalbar man gyaɗa, ɗan abin da ya rage mana ke nan, da jiƙaƙƙiyar kanwa. Na ɗaga kan tunkiyar, Inna ta ɗura mata. Rabi ya shiga, rabi ya zube a zanena. Muka gitta mata kara a baki don ta yi ta tauna, muka ɗora ƙafafunta na gaba a kan turmi, ina murza cikin da tafin hannu. Fatar ta yi tauri, in na buga sai ta yi ƙara.

Sai ga Baba ya shigo daga zaure da wuƙa a hannu.

Ba mugunta ba ce. In dabba ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe, sai a ja ta a yar, a gidan da aka yi watanni ba a ga nama ba. Ya tsuguna ya duba idonta, ya ja leɓenta ya duba dasashi. Ya ce wa Inna, "Ba za ta yi ba. Ku juya mani ita gabas."

Inna ta ce, "Malam, a ɗan ƙara jira."

"In na jira mu yi asarar duka biyun. Ga ta nan tana tafiya."

Ƙafafunta na baya sun fara rawa. Inna ta sunkuyar da kai ta matsa gefe, na ga ta sallama. Baba ya kama kunnen tunkiyar. Ni kuwa hannuna na kan wuyanta, daidai inda wuƙar za ta bi, ban ɗauke ba. Ban san lokacin da na ɗago kai na dube shi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Baba, don Allah ka bar ta," na ce. "In ta mutu mushe, ni na ɗauka. Na yafe naman, na yafe rabona na tuwo har kaka. In ka yanka ta, Lami ba za ta kai kaka ba."

Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. Baba ya dube ni, ya dubi yarinyar a bayan Inna, wadda ta kwantar da kai tana tsotsar yatsa. Bai mayar da wuƙar kube ba, bai kuma saki kunnen ba. Ya ce, "Ci gaba da murzawa. In ta miƙe ƙafa zan yanka, kada ki hana ni."

Na ci gaba. Gumi na shiga mani ido, hannuwana sun mutu, ina ji kamar ba nawa ba. Inuwar katanga ta taso ta rufe mu. Aka kira la'asar, Baba bai tashi ba. Sau biyu tunkiyar ta yi wata irin zabura, na ga yatsunsa sun ƙara damƙe ƙotar wuƙar, ni kuma in ƙara danna cikin ina kiran sunan Allah. Can sai ta yi gyatsa, doguwa mai wari, har Inna ta kau da fuska. Ta sake yin wata. Na ji fatar ta ɗan saki a ƙarƙashin hannuna. Muka yi ta haka har cikin ya sauka, ta sauke ƙafafunta daga turmi da kanta, ta tsaya tana layi, ta yi fitsari.

Baba ya goge wuƙar a hannun rigarsa duk da ba ta taɓa komai ba, ya mayar kube, ya ɗauki buta ya fita.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Inna ta ce ba za a ba yarinya nonon dabbar da ta ci dafi ba sai an ga yadda ɗanta ya yi da shi. Ko da ma an so, hantsar ta koma kamar tsumma. Muka koma ruwan koko. Lami ta yi kuka har muryarta ta dushe, daga baya ta daina, shirun ya fi kukan tayar mani da hankali. Ina zaune da ita a cinya ina kallon ɗan ragon, in ya yi tsalle in ji sanyi, in ya kwanta gabana ya faɗi. Baba da kansa ya ɗauki gatari ya tafi can wajen dutse, ya dawo da ganyen marke a ka, ya zube gaban tunkiyar. Da ya tabbata ɗan lafiyarsa lau, Inna ta miƙo mani ƙwarya. Abin da na samu bai wuce cokali uku ba. Na sirka, na ɗiga wa Lami a baki. Ta haɗiye, ta buɗe baki tana neman ƙari.

Ruwan gaske ya sauka bayan nan ba da daɗewa ba, ya yini yana zuba. Wata shukar ta farfaɗo, wata aka sake. Ciyawa ta yi ƙarfi, nonon ya dawo da kaurinsa na ɗan lokaci, sannan ya fara ja baya a hankali, wannan karon don lokacinsa ya yi. Kafin ya kafe Lami ta fara zama, tana shan kunu da kanta tana kama cokali. Fulani suka dawo daga Sabuwa da saniya ɗaya daga cikin biyun.

Maigidana ya dawo ana yankan gero, da sabuwar rediyo a rataye da turmin atamfa. Ya shigo da fara'a, ya durƙusa ya gaida iyayensa, ya ɗauki Lami yana cewa ta yi nauyi, lallai an sha nono. Inna ta shimfiɗa mashi tabarma, ya cire takalmi zai zauna, sai Baba ya nuna turke da haɓa.

"Kafin ka zauna, je ka gaida waccan."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya ga ba mai dariya. Sai ya mayar da takalminsa, ya nufi turken da yarinyar a kafaɗa.